Na Ɗauka Karatuna a Cikin Ƙwaya Yake Zaune

Kafin abin da zan ba ku labarinsa a wannan wasiƙa ya same ni, ni mutum ne da ya ba shekara arba'in baya, ina zaune a wani ƙauye tsakanin Gwarzo da Getso tare da mai ɗakina da 'ya'yanmu. Ina noma gero da dawa da wake kamar kowa, amma abin da aka fi sanina da shi shi ne shanun huɗa. Bijimai biyu gare ni, ɗaya ja ɗaya fari, kuma da launinsu nake kiransu, Ja da Fari. Da damina ta sauka mutane kan zo har ƙofar gida su roƙi in yi musu huɗa, wasu daga can wajen Kabo, domin an san ba na dukan dabba, kuma kunyar huɗata a miƙe take fita. Ana cewa ni mai haƙuri ne. Gaskiya ne ban iya faɗa ba, amma akwai abin da mutane ba su sani ba. Sau da yawa idan ana yi mini magana na yi shiru, ba haƙuri nake yi ba, hankalina ne ya riga ya tafi wani wuri. Tun ina yaro haka nake. A aike ni sayen daddawa in dawo da igiya. Ranar Juma'a liman ya fara huɗuba, kafin ya kai tsakiya ni ina can ina kallon tattabarun da ke kan katanga. Aikin shanu ne kaɗai ke riƙe ni, don a nan ƙafa tana tafiya, hannu yana kan garma, ido yana kan kunya, hankali ba ya samun sararin yawo.

An sa ni makarantar boko ina ƙarami, ban yi nisa ba malamai suka gaji da ni, ni ma na gaji da su. Sai da na manyanta abin ya fara ci mini rai. Mutum zai turo mini saƙo a waya cewa in zo gonarsa ranar kaza, sai na bi gari ina neman mai karanta mini. Saboda haka da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci a firamaren garinmu, ina cikin waɗanda suka fara zuwa. Bayan la'asar muke shiga, mu zauna a kan bencin yara gwiwoyinmu suna taɓa tebur. Malaminmu tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya, mutum mai sanyin murya. Kusa da ni aminina ne yake zama, wani mahauci mai baki kamar reza, wanda ba ya kirana da komai sai Sarkin Shanu. Watanni suka wuce, mahauci ya fara haɗa baƙi da wasali, wani tela ya fara rubuta sunansa, ni kuwa ina nan inda nake. In na kama layi, kafin in kai ƙarshensa na manta farkonsa, don wata akuya ta wuce ta bakin taga.

Wata rana da aka tashi Malam ya tsayar da ni. Ya ce ya daɗe yana koyar da yara, kuma ya ga irina da yawa. Ya ce ba daƙiƙanci ne ke damuna ba, domin in aka yi mini tambaya da baki nakan riga kowa amsawa, hankalin ne ba ya zama, kuma ya ji cewa likitoci suna duba irin wannan. Na je asibiti a Gwarzo, suka tura ni Kano wurin likitar ƙwaƙwalwa. Da na ji sunan sashen sai da na yi kwanaki ina fushi, na ce wa mai ɗakina ni dai ban taɓa jifan kowa a kasuwa ba. Ta ce in je, in an ce mahaukaci ne ni ai ita ta riga kowa sani, kuma duk da haka ta zauna da ni. Likitar mace ce, ba ta kai ni shekaru ba, tana kirana Baba. Ta yi mini tambayoyi tun daga yarintata, ta sa aka auna jinina da bugun zuciyata, ta sa na sake komawa, sannan ta ce ina da lalurar rashin tsayuwar hankali, kuma ba hauka ba ce. Ta rubuta mini wata 'yar ƙwaya, guda ɗaya da safe bayan na karya. Na wata ɗaya ake bayarwa, in ya ƙare in koma. Ta ja mini kunne cewa magani ne mai ƙarfi, kada in ƙara, kada in ba kowa, kuma duk abin da na gani in zo in faɗa mata.

Ranar da na fara sha ba zan manta da ita ba. Kun san yadda mutum yake zama kusa da injin niƙa har ya daina jin ƙararsa, sai an kashe ya gane ashe da a cikin hayaniya yake? Haka na ji a kaina. Na zauna a gindin darbejiyar ƙofar gida da littafina, na kama layi na kai shi ƙarshe, na kama na biyu. Kaji suka yi faɗa a gabana ban ɗaga kai ba. Na shiga gida na karanta wa mai ɗakina kalma uku a jere, ta saki muciya ta yi guɗa.

Matsalar ɗaya ce. Da safe nake shan maganin, ajinmu kuwa bayan la'asar ne. Kafin lokacin ya sake ni. Sai in je aji ina ta cika baki cewa na karanta shafi guda a gida, Malam ya ce bismilla, in tashi in yi ta in'ina. Mahauci ya ce karatun Sarkin Shanu irin na zakara ne, da asuba kawai yake cara. Aji ya kwashe da dariya, ni ma na yi, amma abin ya zauna mini a rai. Abin da ya kamata in yi shi ne in koma in gaya wa likita cewa da yamma nake karatu. Ban yi ba. Na ga Kano da nisa, na kuma ga kamar ƙaramar magana ce da ba ta kai a dami likita ba. Na ce a raina ai wannan awon na 'yan birni ne masu zaman ofis, ni da nake wuni a bayan garma jinina ya fi ƙarfin ƙwaya ɗaya. Sai na fara shan ta biyu bayan azahar.

Nan da nan na zama tauraron aji. Malam yana kirana gaban allo, ina karantawa ina juyowa ina kallon mahauci. Amma maganin wata guda ya koma ƙarewa a tsakiyar wata. Kwanakin da babu shi kuwa, jikina kamar an ɗora mini buhun dawa. Barci, kasala, ga wani baƙin rai da ban san daga inda yake zuwa ba. In na buɗe littafi sai in ga baƙaƙen sun zama baƙi a wurina, kamar ba mu taɓa gaisawa ba. A nan ne wani tunani ya shige ni, wanda shi ne tushen duk wahalar da na sha. Na yarda cewa karatun nan ba nawa ba ne, a cikin ƙwayar yake zaune, ranar da ta ƙare shi ma ya ƙare, in koma mai bin gari da waya a hannu. Tsoron wannan ya sa na koma Kano kafin lokaci na ce wa likita akuya ta cinye mini sauran maganin. Ta dube ni ta saman tabarau, ta tambaye ni yaya jikin akuyar, ko ita ma ta fara karatu. Na ce da sauƙi. Ta ce ba za ta ƙara mini ba sai ranata ta cika, ta kuma tambaye ni ko akwai abin da nake so in gaya mata. Na ce babu. Da na faɗa mata gaskiya a ranar, da labarin nan bai yi tsawo ba.

A maimakon haka, ranar kasuwa na nuna wa wani mai tallar magunguna a kan babur kwalin da ya ƙare. Ya juya shi ya ce yana da ƙaninsa, har ma ya fi shi zafi. Ya ƙulla mini wasu ƙwayoyi a leda, ba kwali ba suna. Daga nan na daina sanin iyaka. In na asibiti yana nan in sha shi, in babu in sha na leda, wani lokaci in haɗa. Abinci ya fita daga raina. Tuwon da nake cinye malmala biyu, sai in gutsuri gefe in ture kwano. Na zama mai surutu, ni da ake roƙo in yi magana. Mai ɗakina ta ce Maigida, wandonka yana neman ƙasa, kuma jiya na ji kana yi wa kaji nasiha. Na ce karatu ne yake cin jiki. Ta ce ita ta ga masu digiri da tumbinsu. Abin da ya fi ba ta mamaki shi ne tsawa. Yara suka fara fita daga tsakar gida in sun ji sallamata.

Ana cikin haka damina ta sauka. Ga wanda bai san aikin shanu ba, yana da ƙa'idarsa. Da sanyin safiya ake ɗaura karkiya, in hantsi ya yi zafi a kwance. A kai su inuwa, a ba su ruwa da 'yar kanwa da dusa, a bar su su yi tuƙa. Ba a neman sa da aiki cikin tsakar rana, kowane mai shanu ya san wannan, ni kuwa ni nake koya wa wasu. Haka kuma al'ada ce gidan mai gona su aiko wa mai huɗa abinci, ya zauna ya ci, ya mayar da kwano a wanke da godiya. Amma ƙwayar ta ɗauke mini gajiya da yunwa, sai na manta cewa Ja da Fari ba su sha komai ba. Hantsi ya wuce ina cewa bari mu ƙarasa wannan gefen. Na karɓi gonaki fiye da yadda na saba. Abincin da aka aiko kuma sai ya koma yadda ya zo. Wata tsohuwa a wajen ƙauyen Kara ta dama mini fura da hannunta, na mayar mata ko murfi ban buɗe ba. Ta aiko a tambaye ni ko an ce mini tana zuba wa mutane wani abu ne. Har yau in na tuna sai na ji kunya.

Ranar da abin ya fashe, a gonar wani dattijo nake a wajen Dugabau, mutumin da tun mahaifina yana raye muke yi masa huɗa. Rana ta take, inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafa, ni ina ta kora. Fari yana ta huci, Ja ya fara jan ƙafa. Muna tsakiyar kunya sai Ja ya durƙusa, ya sa haɓarsa a ƙasa, kumfa tana fita daga bakinsa. Na yi masa tsawa bai motsa ba. Sai na tsinci kaina na karyo reshe ina zabga masa. Sa ne da na raina tun yana maraƙi, wanda in ya ji tarina daga nesa yake ɗaga kai. Ban san dattijon ya iso ba sai da na ji an riƙe mini hannu. Bai ɗaga murya ba. Ya karɓi reshen ya jefar, ya kwance karkiyar da kansa, ya sa aka kawo ruwa aka zuba wa san a wuya da gadon baya. Sannan ya dube ni ya ce ɗana, shi ɗan wane ya aika a kira masa, wannan da ya zo bai san shi ba. Ya ce in zauna. Da na zauna ne na ji yadda zuciyata take bugawa kamar za ta fasa riga, bakina ya bushe ƙamas. Ya ce gonar ta jira, in ma ba a ƙarasa ta bana ba ba zai mutu da yunwa ba. Ya sa na sha kunu a gabansa, yana tsaye a kaina kamar mai ba yaro magani. Sai da rana ta yi sanyi Ja ya miƙe. Muka taho gida a hankali, ina gaba suna baya, ban iya waiwayawa na dube shi ba.

Na zaunar da mai ɗakina na gaya mata komai, har da na leda. Ta ce ta san akwai wani abu, ta dai ɗauka aure nake nema, shi ya sa ta zuba mini ido. Cikin zafin nadama na yi kuskure na biyu. Na kwashe na ledar na zuba a masai, na rantse ko na asibitin ba zan ƙara taɓawa ba. Na ɗauka jarumta ke nan. Kwanakin da suka biyo baya ban san kaina ba. In kwanta tun safe har azahar, in tashi in ji duniya ba ta da ɗanɗano. Na zauna a bakin turke ina kallon shanuna hawaye yana zuba, babu wanda ya mutu. Ga damina tana wucewa, ga mutane suna sallama a ƙofar gida. Littafi kuwa ko inda yake ban so in kalla, don na tabbata karatuna ya bi ƙwayoyin nan cikin masai. Da mai ɗakina ta ga abin ba na ƙarewa ba ne, ta ɗauki mayafinta ta ce mu tafi Kano, kuma wannan karon ita za ta yi bayani.

Ta kuwa yi. Ba ta rage komai ba, har nasihar kaji. Ni dai kaina yana ƙasa. Da ta gama na ce wa likita ina da gyara guda, akuyar nan ba ta ci komai ba. Ta ce ta sani, ta dai ji daɗi da aka wanke baiwar Allah. Ba ta yi mini faɗa yadda na zata ba. Ta sa aka sake auna ni, aka ga jinina ya hau. Ta ce na ledar nan Allah kaɗai ya san abin da ke ciki, kuma na yi sa'a da na zo da ƙafata. Ta ce yanke magani irin wannan rana ɗaya bayan jiki ya saba da mai yawa, shi ya jefa ni cikin halin da na shiga, kuma wasu abin yakan kai su ga tunanin da ya fi nawa muni. Za ta mayar da ni kan awo ƙarami, mu riƙa ragewa sannu a hankali tana dubawa, har mu ga inda jikina zai tsaya. Sannan ta tambaye ni abin da ya sa tun farko na ƙara. Na ce ajinmu da yamma ne. Ta ajiye biro ta ce Baba, shi ke nan? Ta ce da na faɗa mata, da ta gyara mini lokacin sha ko ta canza mini wani iri, magana ta ƙare. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na yi ƙarfin hali na tambaye ta abin da ke raina, ko in maganin ya tafi karatun zai tafi. Ta ce maganin bai san ko harafi ɗaya ba, ni na koya. Na ce to, amma a zuciyata ban yarda ba.

Likita ta ce maganin ya zauna a hannun mai ɗakina, ita za ta riƙa ba ni. Da muka dawo sai ta ɓoye shi a cikin jeren kwanukanta, waɗanda aka kawo ta da su, suna nan a jere har kusa da rufin ɗaki. Ta san abin da take yi. Namiji mai mutunci ba ya shiga ɗakin matarsa ya kama buɗe mata kwalla, in ma ya gwada, ƙarar murfi ɗaya ta isa ta tara maƙwabta. Kullum da safe sai na cinye kokona da ƙosai tas tana kallo, sannan ta shiga ta rufo ƙofa, in ji ƙwal-ƙwal, ta fito da rabona a tafin hannu. Makonnin farko na yi ta roƙo. Na ce yau akwai gwaji a aji, ta ce Allah ya ba da sa'a. Na ce zan sayo mata atamfa, ta ce tana so, in sayo, amma ƙwaya sai gobe. Na ce ni ne fa maigidan nan, ta ce shi ya sa take lallaɓa ni, ta yaye yara da yawa, ba wanda ya zo mata da gemu sai ni. Wata rana da ta tafi gidan suna na shiga ɗakin na tsaya a gaban jeren nan, na daɗe ina kallonsa. Na ga fuskata a jikin wata kwalla, doguwa, a karkace. Na fita na je na yi ta sosa wa shanu wuya da hannu har zuciyata ta kwanta.

Duk lokacin da aka rage awon sai na yi 'yan kwanaki ina jin nauyi da saurin fushi, sannan jiki ya daidaita. Na koyi gane shi in ya taso, in ce wa yara yau Baba ba ya jin daɗi, ba laifinku ba ne. Abinci ya dawo, har na fara neman ƙari. Shanu na ba su hutu mai tsawo, na ba wasu masu gonaki haƙuri, na rasa aiki da dama a daminar nan. Ja ya yi kwanaki yana kawar da kai in na miƙa masa dusa, daga baya ya haƙura. Na koma na ƙarasa wa dattijon nan gonarsa cikin safiya biyu, na kuma bi ta wajen tsohuwar Kara na shanye mata kwarya guda ta fura a zaune, har ta ce ya isa haka kada in fashe.

A aji ne abin ya fi yi mini wuya. Na koma baya, kowa ya gani. Na gaya wa Malam gaskiya, ya ce in gaya wa 'yan aji da bakina don kada a yi ta raɗe-raɗi. Na tashi na faɗa. Sai mahauci ya ce alhamdu lillahi, shi dama ya san ba a banza Sarkin Shanu ya wuce shi ba, yanzu a sake tseren da gaskiya. Daga ranar ya riƙa biyo mini mu tafi tare, wai kada in ɓace a hanya. Malam ya ɗauke ni daga bakin taga ya sa ni gaba ina fuskantar allo. Ya ce in riƙa bin layi da yatsa, in karanta kaɗan in miƙe tsaye, in zagaya in dawo. Da ya ji cewa a bayan garma hankalina yake zama, sai ya ce to in yi karatun ina tafiya. Haka na riƙa kai da komo a bayan aji da littafi a hannu, mahauci yana yi mini irin kiran da ake yi wa shanu in an zo juyawa. Ina samun ci gaba, amma duk wanda na samu sai in ce ai sauran ɗan maganin da ke jikina ne. Ina jiran ranar da za a ce babu, in ga abin da zai rage mini.

Ranar ta zo bayan an yi girbi. Likita ta ce jinina ya sauka, kuma tunda na samu dabarun da ke taimaka mini, mu gwada ajiye shi gaba ɗaya mu gani, in da bukata ƙofarta a buɗe take. Na yi godiya, amma na dawo gida gabana yana faɗuwa. Na yi kwanaki ina kauce wa littafi, ina ce wa Malam aikin kaka ya yi yawa. Ba na so in buɗe in tarar da abin da nake tsoro.

Ranar wata kasuwar Gwarzo na kai wake. Na sha kunun zaƙi da yawa, fitsari ya matse ni, na zagaya bayan wasu shaguna na sami wata katanga, na tattare riga zan tsuguna. Ban yi niyyar karanta komai ba. Ido ne kawai ya sauka a kan wani rubutu da aka yi da baƙin fenti, sai na ji maganar ta shigo kaina gaba ɗayanta, kamar wani ya faɗa mini a kunne: An hana fitsari a nan. Na tsaya da riga a hannu. Na sake dubawa, haka ne. A ƙasa an ƙara da cewa wanda aka kama ya kuka da kansa, wannan ma na karanta. Babu ƙwaya a jikina ko ta magani, ba Malam, ba yatsa a kan layi. Shekara da shekaru ina tsugunawa a gindin irin wannan rubutu ban san da ni yake ba. Dariya ta kama ni har na dafa katangar. Wani mai shago ya leƙo ya ce Malam, ba ka ga abin da aka rubuta ba ne? Na ce na gani, wallahi na gani, Allah ya saka wa wanda ya rubuta da alheri. Ya dube ni kamar wanda ya kamata a mayar Kano. Na riƙe fitsarina na tafi neman inda ya dace, ina tafe ina karanta duk allon da na ci karo da shi, na mai gyaran waya, na mai sayar da taki, har na mai ƙanƙara.

Abin da na koya ba shi da yawa, amma da tsada na saye shi. Maganin nan ba mugu ba ne. Ya buɗe mini ƙofa lokacin da nake shan sa yadda aka ce, kuma na san akwai waɗanda zamansu da shi shi ne alheri a gare su, kada labarina ya sa wani ya ƙi zuwa asibiti ko ya ajiye nasa. Ni na ɓata lamarin, ranar da na mai da kaina likitan kaina saboda ina jin nauyin yin tambaya ɗaya. Ina roƙon duk wanda aka ɗora a kan irin wannan magani, ko aka ɗora ɗansa, in ya ga awon bai dace da yadda yake rayuwa ba, ya koma ya faɗa, komai ƙanƙantar maganar. Kada ya ƙara da kansa, kada ya sayi na leda, in kuma ya riga ya zarce, kada ya yanke rana ɗaya don nuna jarumta. Ya sami mutum guda a gida da ba ya jin kunyar hana shi, ya damƙa masa. Ku kuma 'yan'uwana manoma da masu aikin ƙarfi, duk abin da ya hana ku jin gajiya da yunwa ku yi hattara da shi, domin gajiyar tana nan, ɓoye muku ita kawai aka yi, kuma na kusa da ku ne za su fara ɗaukarta.

Har yanzu hankalina yana yawo, ban zama wani mutum daban ba. Wasiƙar nan ma a zama da yawa na rubuta ta, ina yi ina miƙewa. Amma da hannuna na rubuta, da ruwan shayi kawai a cikina, kuma idan ta fito a mujallarku ni zan karanta wa mai ɗakina, in tsallake wurin da ta ce na zo mata da gemu.